Sifili a Gaban Sunan Malama

Shekara goma sha tara Direba yana jan motar ɗaliban jami'a, daga babbar ƙofa zuwa azuzuwa, daga azuzuwa zuwa ɗakunan kwana, kuma ba a taɓa kiransa ofis a kan wani laifi ba. Mutum ne da ba ya son tambaya, ba ya kuma son a yi masa gyara. A bayan sitiyari wannan hali bai taɓa cutar da kowa ba. A cikin gida kuwa, saura kaɗan ya jawo wa matarsa asarar shekara guda.

Matar malamar firamare ce, shekararta goma sha huɗu tana koyar da 'yan aji huɗu. Kowa Malama yake ce mata, har shi. Da jami'a ta buɗe karatun digiri na nesa, wanda ake yi ta waya ko kwamfuta, shi ya matsa mata ta nema. Aka ɗauke ta tare da ƙanwarsa Auta. Tsarin ba shi da wuyar ganewa: duk mako malamai za su ɗora bidiyon darasi a shafin jami'a, ɗalibi ya shiga da lambarsa ya kalla. Har ɗaliban da ke zaune a cikin jami'ar ma wasu darussan haka suke ɗaukarsu.

Matsalar ita ce sabis. A unguwarsu sai mutum ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin saƙo ya fita. A makon farko Malama ta yi awa biyu a kan bidiyon minti arba'in, malamin ya buɗe baki ya daskare, ya rufe ya daskare.

"Wannan ai azaba ce," in ji Direba. "Bar min shi."

Auta a bayan jami'a take haya, sabis ɗin makarantar yana isa har ɗakinta. Sai ya sayi katin memori. Duk Litinin Auta ta sauke darussa da lambarta ta zuba masa a kati, shi kuma ya kawo gida a aljihun gaba, yana tafe yana jin kansa.

Sau ɗaya Malama ta ce, "Baban yara, ba cewa aka yi kowa ya shiga da lambarsa ba?"

"Karatu ake nema ko shiga? Ga malamin nan a hannunki, ba ya daskarewa. Me kuma ya rage?"

Ta bar maganar. Nan ita ma ta yi kuskure, domin mai ilimi bai kamata ya ajiye abin da ya sani don gudun ɓacin ran wani ba.

Amma karatu kam ta yi shi. Kullum in ta taso daga makaranta, ta sallami yara da abinci, sai ta jingina wayar da gwangwanin alli a kan teburin keken ɗinki. Biro biyu take riƙewa. Abin da malami ya faɗa da baƙi take rubutawa. Abin da ba ta gane ba, ko ba ta yarda da shi ba, da ja, a gefen shafi. Direba yakan wuce ta bayanta ya leƙa, ya gyara murya, ya fita yana murmushi.

A mako na goma sha ɗaya, ranar Alhamis da la'asar, wayarta ta yi ƙara yana zaune yana cire takalmi. Murya ce ta mace, daga ofishin taimakon ɗalibai. Ta ce kwamfuta ta nuna Malama ba ta kalli darasi ko ɗaya ba tun makon farko. Doka kuwa ta ce sai wanda ya kalli kashi saba'in cikin ɗari zai zauna jarrabawa. An cire sunanta. Jarrabawa saura kwana tara, wanda ya rasa ta sai baɗi.

Malama ta ajiye wayar. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi ta ce, "Na tambaye ka."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Washegari, bayan ya sauke 'yan ƙarfe takwas, ya kulle mota ya nufi ofishin. Ƙaramin ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, da fanka mai ƙara da kujerun roba uku. Matar da ke ciki ta kusa sa'arsa, da tabarau a rataye a wuya. Ɗalibai Anti Taimako suke ce mata.

"Baba Direba, kai ne yau a wurinmu? Motar ce ta shiga jami'a?"

"Hajiya, matata aka cire."

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Sunaye ne jere, kowanne da koren layi a gabansa, wani dogo wani gajere. A gaban sunan Malama ba layi, sai jan sifili. Ya zayyana mata komai, tun daga katin har aljihun gaba. Ta dafe kai.

"Kwamfuta ba ta san kati ba. Wanda ya shiga da lambarsa kawai take gani. Ai sau uku ina tura mata gargaɗi."

"Ina kika tura?"

"A akwatin saƙonta na shafin."

"Hajiya, mutumin da kike kuka ba ya shiga ɗaki, sai kika ajiye masa takarda a cikin ɗakin?"

Ta cire hannu daga kanta ta dube shi. "Wannan kam ka faɗi gaskiya. Naka laifin yana nan, nawa ma ga shi." Ta jawo takarda. "Ba ni da ikon mayar da suna. Amma kwamiti zai zauna Litinin, zan sa ta a ciki. Ta zo da duk abin da ta rubuta. Kai ma ka zo, da bakinka za ka faɗa."

Da bakinsa. A gaban manya, a wurin da ya yi shekara goma sha tara ba a ɗaga masa yatsa ba. Kwana uku abinci bai yi masa daɗi ba. Auta ta zo ranar Asabar tana cewa, "Yaya, wallahi ni ban sani ba," ya ce mata ta yi shiru, ba ita ta kawo shawarar ba. Ko a ransa bai nemi wanda zai jingina wa laifin ba, kuma wannan shi ne abin yabo na farko da ya yi a cikin maganar.

Ranar Litinin suka hau bene. Dogon tebur ne, Farfesa shugaban kwamiti a tsakiya, Anti Taimako a gefe, sai Dakta mai koyar da darasin auna ƙwazon ɗalibai, wanda Malama ta san fuskarsa sarai shi kuwa bai taɓa ganinta ba. Direba ya ƙi zama. Ya tsaya ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba.

Farfesa ya leƙo ta saman tabarau. "Ai na san ka. Ba kai ne ba ka tsayawa ko'ina sai a tasha ba? Ka taɓa wuce ni a gaban ɗakin karatu ana ruwa."

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To ka san doka ke nan."

"Na sani. Shi ya sa ban zo in ce a karya ta ba. Na zo in ce ni na taka ta, ba ita ba. In akwai hukunci, ga ni."

"Kai ba ɗalibinmu ba ne, me za mu cire ka daga ciki?"

Malama ta buɗe jaka ta ɗora littattafai biyar a kan tebur. Farfesa ya ɗaga ɗaya ya ajiye. Ya ce rubutu ba shaida ba ne, kowa yana iya aron littafin wani ya kwafe a kwana biyu. 

Dakta dai yana ta buɗe shafuka. Can ya tsaya. "Wannan jan rubutun fa?"

"Tambayoyina ne, Dakta. Ban san inda zan kai su ba."

Ya karanta ɗaya a fili: "Mako na shida. Yara goma sha biyu ne a jadawalin, me ya sa aka raba jimlar makinsu da goma sha ɗaya?" Ya ɗaure fuska. Ya buɗe kwamfutarsa, ya nemo bidiyon, ya ja shi gaba, ya tsayar. Ya sa yatsa a kan gilashin yana ƙirga sunaye. Ya sake ƙirgawa.

"Na tsallake na tara," ya ce a hankali.

"Shi ne wanda bai ci komai ba," in ji Malama. "Ni ma nakan yi haka in ina cike sakamakon zango da gaggawa, ido yana tsallake wurin da ba lamba. Amma shi ma ɗan ajin ne, dole a raba da shi."

Dakta ya juya ga Anti Taimako. "Mutum nawa suka kalli wannan darasi?"

Ta duba. "Ɗari biyu da talatin da huɗu. Yawancinsu har ƙarshe."

"Ba wanda ya ce min uffan."

Direba bai yi niyyar magana ba, bakinsa ne ya riga shi. "Ranka ya daɗe, ni ina ganinsu ta madubi. Su kunna ka, su kashe muryar, su jefa ka aljihu, su ci gaba da musun ƙwallo. Kana ta bayani a cikin wando, kwamfuta tana rubuta musu lada."

Anti Taimako ta toshe baki da mayafi. Dakta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Farfesa bai yi ba. Ya jawo littafi na uku, ya buɗe inda hannunsa ya faɗa, ya rufe, ya jefa wa Malama tambaya. Ta amsa. Ya buɗe wani wuri. Ta amsa, har da misali daga ajinta. Minti goma sha biyar yana yi, Direba yana tsaye yana kallon matar da yake ganin ya sani, tana magana da Farfesa ido cikin ido, ba rawar murya, ba gaggawa. A tambaya ta bakwai ta ce, "Wannan ban gane shi ba, yana cikin jan biro." Farfesa ya duba gefen shafin, ya ga haka ne.

Ya ɗauki alƙalami. "A mayar da sunanta. Da sharaɗi: yau ɗin nan ta shiga da lambarta, ta zuba tambayoyin nan a zauren tattaunawar aji, kowa ya amfana." Ya sa hannu, sannan ya nuna Direba da alƙalamin. "Kai kuma ka tsaya ga motarka."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Anti Taimako ta sauko da su ɗakin kwamfuta na ƙasa. Injuna talatin ne a ciki, kuma duk Asabar a buɗe yake kyauta ga ɗaliban nesa. Sau goma sha biyu a rana Direba yake wuce ƙofar nan. Tambaya ɗaya da ta ishe shi. Anti Taimako ta zaunar da Malama, ta nuna mata inda ake shiga da inda ake rubutu, ta ce ita ma daga yau duk wanda ta ga ya yi mako biyu shiru, waya za ta buga masa, ba za ta jira na goma sha ɗaya ba. Malama ta fara bugawa da yatsa ɗaya. Tambayoyi arba'in da uku ne. Ta ɗago ta ce, "Baban yara, je ka, 'yan sha biyu suna jira. Kuma don Allah kada ka je kana ba da labarina a mota."

Ya yi alkawari.

Ranar Laraba da safe mota ta cika maƙil. Tun daga babbar ƙofa ya ji ana hayaniya a baya, ba ta ƙwallo ba. Dakta ya ɗora sabon bidiyo yana gyara lissafinsa, ya kuma ambaci wadda ta gano.

"Wai wace ce wannan da ta kama Dakta?"

"'Yar nesa ce, an ce malamar firamare."

"Kai, tambaya arba'in da uku! Ita ba ta da aikin yi ne?"

Direba ya riƙe bakinsa a tashar farko. Ya riƙe a ta biyu, har yana cije leɓe. A ta uku ya ja birkin hannu, ya juyo gaba ɗaya a kan kujerarsa.

"Kai mai jar hula. Tana da aji mai yara sittin, tana da 'ya'ya huɗu, tana da ni. Matata ce. Ciro wayar nan daga aljihu ka buɗe muryar."