Ɗan Aiken da Bai San Baba Ba

Aikin da aka ba Tahira a satinta na farko a biro, wato ofis, bai fi ƙarfinta ba, bakinta ne dai ya yi mata nauyi.

Biron ɗaki guda ne a unguwar Zariya ta Maradi, mai fanka ɗaya da shef ɗaya, wato mai gidan wurin, Maman Lawali. Manoman rani na Jiratawa sun ba shi kwangilar haɗa musu na'ura mai basira da za ta riƙa raba ruwa: ta buɗe famfo, ta rufe, ta aika wa mai gona saƙo a waya. Suka laƙaba mata suna Ɗan Aike. Shi kuwa Ɗan Aike bai san komai ba sai abin da aka rubuta masa a kan kowane kayan aiki. Shef da kansa ya rubuta bayanin, ya ce Tahira ta duba ingancinsa ta sa hannu.

Ta duba. A ƙarƙashin buɗe famfo ya rubuta: "Wannan shi ne gagara-gasa, ko a Yamai ba a ga irinsa ba. A fara ba Baba ruwa, sauran kuma kamar yadda aka saba." A ƙarƙashin rufe famfo: "A rufe in ya isa."

Tahira ta san Baba. Alhaji Abdulmutallib ne, surukin shef, wanda shef bai taɓa kama sunansa ba tun da ya auri 'yarsa Hidaya, kai, ko a takarda hannunsa ba ya yarda. Ta kuma san yadda aka saba: manya su sha su ƙoshi, zogalen Innarta Salima da ke can ƙarshen magudana ya lashi laka. Bana har ganyen ya fara rawaya. In ta sa hannu, ko dai na'urar ta rikice kowa ya rasa, ko a koya mata yadda aka saba, Inna ta rasa ita kaɗai.

"Shef, da... da an ɗan ƙara bayani," in ji ta, idonta a kan takalminta.

"Ke Tahira! Ni da na yi formasiyo, horo na musamman, a Yamai? Mi ya rage ciki?"

"Ba komi, shef. Na ce ko a gwada shi gaban mutane kafin in sa hannu, su ga basirarka da idonsu."

Wannan kam ta yi wa shef daɗi, har ya sa aka yi hayar lasifika.

Ranar gwaji rumfar manoma ta cika. Alhaji Abdulmutallib na gaba a kujerar roba, Inna Salima na can baya cikin mata. Shef ya yi jawabi har shayi ya huce, yana ta nanata cewa na'urar ƙirar Maradi ce tsantsa. Sannan ya ɗaga murya: "Ɗan Aike, fara rabon ruwa!"

Lasifika ta yi ƙara, murya ta fito a natse: "Wane ne Baba? Ina buƙatar sunansa."

"Ga ni nan!" in ji wani tsoho mai barkwanci, Maliki. Wasu tsofaffi ma suka ɗaga hannu, don duk wanda ya haifa ai Baba ne.

"Baba mana!" in ji shef. "Baban... mahaifin Hidaya."

"Babu Hidaya cikin masu gona. Faɗi sunansa."

Alhaji ya zare tabarau ya zuba wa surukinsa ido, ya ga ko yau ce ranar da zai kama sunansa. Sai shef ya juya kan lasifika da faɗa.

"Wagga na'ura ba ta da tarbiyya! Abin Nasara ke nan!"

"Af," in ji Maliki, "ɗazu ba 'yar Maradi ba ce? Yaushe ta yi hijira?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Shef ya turo wa Tahira odinater, wato kwamfuta, ya ce a hankali: "Ke ba surukinki ba ne. Rubuta yadda za ta gane."

"Ba ta gane abin da aka saba, shef, sai ƙa'ida."

"To rubuta ƙa'idar!"

Ta rubuta: kowace gona da lambarta da sunan mai ita, kowa lokacinsa daidai da na ɗan'uwansa, a fara daga ƙarshen magudana don can ruwa ke wuyar kaiwa, lokaci na cika a rufe. Ɗan Aike ya karanta wa jama'a, ya ce ba shi da sauran tambaya. Mutanen baya suka hau tafi.

Alhaji ya yi gyaran murya mai nauyi. Shef ya sunkuya kan lasifika zai gyara, sai ya tuna tambayar da ke jiransa a ciki. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce dama haka ya tsara tun a Yamai.

"Gonar farko, Salima," in ji Ɗan Aike. "An buɗe famfo."

Inna ta tattare zane ta nufi gona da sauri, ko sallama ba ta yi ba. Tahira ta ɗauki alƙalami ta sa hannu.