Jar ƙasa a teku

Malam Gershon, tsohon hedimasta a Kafanchan, bai taɓa ganin teku ba sai da ta cinye ɗansa Asher, sojan ruwa. Ko gawa ba a samu ba.

A Legas ya ɗauki hayar wani masunci mai jin Hausa. Da kwalekwalen ya yi nisa, masuncin ya miƙo masa ƙugiya. "Baba, nan kifi yake."

Gershon ya girgiza kai. Ya kwance ƙullin jar ƙasa daga gonarsa ta citta, ya yi addu'a, ya zuba a ruwa.

"A wajenmu ba a rufe kabari sai ɗan gida ya zuba ƙasa," in ji shi. "Wannan kabarin dai ba zai cika ba. Mayar da ni."