Abokin Tafiyar Baba Jinaidu

Kwanon ya dawo yadda ya tafi, ko faifan ba a ɗaga ba. Matata Lantana ta dire shi gabana ta ce, "Inna Hajjo ta ce a hwaɗa maka, ba ta cin naman wanda ya kai mijinta anka dahwa mishi ciki."

Kwana biyu ke nan da rasuwar Baba Jinaidu. Ni Aƙilu mahauci ne, wuƙa ta sha yanka ni, amma wallahi ban taɓa jin zafi irin na wannan magana ba. Shekara ashirin da ɗoriya katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu a Ƙofar Kware. Shi baduku ne, a zaurensa nake shan inuwa in na taso daga kasuwa. Matarsa Inna Hajjo ita ta yanke wa 'ya'yana cibiya kaf. Yau ga shi ta sa an tokare 'yar ƙofar da ke tsakaninmu da turmi.

Kuma ba ƙarya ta yi duka ba, ni na kai shi. A shekarar da ake shirin karɓar mulki daga Turawa ne tari ya kama shi, har ya fara tofar da jini. Arzika, wani malamin asibiti da ke sayen nama wurina, ya ce a kawo shi a ɗauki hoton ƙirji. Baba ya ce atafau.

"Wutar da ka ganin ƙashi ta cikin nama, mi za ta bar min?"

Ni kuwa da naci kamar ƙudan mahauta, sai da ya yarda. Na ɗora shi kan jaki muka tafi. A ɗakin hoton aka ce ya tuɓe riga, ya tuɓe. Amma akwai wata 'yar batta ta fata da ya matse a hammata, ya ce ita kam ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya ajiye ta. Muka ɗauka laya ce, aka ƙyale shi. Hoto ya nuna ciwon ya riga ya cinye huhu. Mako uku ya ƙara.

Ranar da zai cika na leƙa shi bayan azahar. Ya kama hannuna, murya can ƙasa, ya ce, "Abokin tahiyata lahiya lau yake. Ka hwaɗa ma Hajjo."

Wane abokin tafiya? Ni da jaki muka raka shi. Na ɗauka zafin ciwo ne, na ce to, Baba. Da la'asar ya rasu.

Abin da ban faɗa wa ko Lantana ba, ni ma zargin ya shige ni. Ina feɗe akuya sai in tsaya ina kallon huhunta, ina cewa anya ba ni na kashe tsohon nan ba?

Ranar sadakar uku, da hantsi, jama'a sun watse, na tsaya naɗe tabarmi a zaurensa. Arzika ya zo gaisuwa, yana taya ni. Sai muka ji "tsirrr, tsirrr" daga cikin jakar kayan aikin Baba. Na zuba hannu, na ture basilla da guntayen fata, sai ga battar nan. Ashe duk an huhhuda ta. Na buɗe a hankali. Gyare ne, baƙi, ƙato, yana zaune kan tsakin gero yana kaɗa gashin baki.

Na zauna daɓas.

"Inna!" na ƙwala. "Don Allah Inna, ko ba ki magana da ni, zo ki ji!"

Tana takaba, sai ta tsaya bayan asabari. Na tura mata battar ta ƙasa. Na ce, "Da wanga ya shiga ɗakin hoto, a hammata tai. Wutar da ta ratsa shi ta ratsa wanga. Shi ne abokin tahiyar da ya ce in hwaɗa miki lahiya lau yake, ni da ƙaton kai ban gane ba."

Ta ɗauki battar ta duba. Can ta ce, "Ashe shi yake ba tsakina. Kullum sai ya ce in ɗebo mishi, ya kara batta ga kunne, ya yi 'yar dariya. Ni ce mishi nake ciwo ya taɓa kai."

Arzika, ɗan boko da iyayi, ya gyara murya. "Ai su ƙwari, Inna, an ce sun hi mutum jure irin wanga haske, ko wanda ka iya kashe saniya..."

Na take masa ƙafa da duk ƙarfina. Ya haɗiye sauran.

"Mi ya ce?" in ji Inna.

"Cewa ya yi Allah ya jiƙan Baba."

Daga baya, a waje, yana ɗingishi, ya rantse mini cewa hasken hoton ƙirji bai kai ya kashe kowa ba, da gyare da babu gyare. Na ce ya riƙe karatunsa, mu shaidar Baba ta ishe mu. Amma fa na ji daɗin rantsuwar, har cikin ƙashina.

Bayan la'asar ina wanke wuƙaƙe na ji ana gangara turmi. Muryar Inna Hajjo ta tsallako, a dishe don kuka.

"Lantana! Naman nan, kun cinye?"

"Yana nan, Inna."

"To ɗumama shi. Kwana uku ban sa komi a ciki ba."

Lantana ta wuce da kwanon ta 'yar ƙofar, ta bar ta a buɗe. Daga inda nake ina hango battar a gindin randar Inna, babu murfi, ga ɗan tsaki an barbaɗa a ƙasa mai sanyi. Gyaren ya shige ƙarƙashin randar, yana ta kukansa.