Mai Jan Keken Léonie

Firmin na ta kiciniyar ɗaure ɗamararsa a bakin rumfar da ake ajiye kekunan marasa lafiya, hannunsa na dama yana rawa, ƙugiyar ta ƙi shiga. Ɗamarar fata ce, irin wadda masu hidimar marasa lafiya suke ratayawa a kafaɗa a nan Lourdes, garin ziyarar ibada na 'yan Katolika a Faransa, tasa kuwa har ta yi baƙi don tsufa. Matarsa Léonie tana zaune cikin shuɗin keken, an rufa mata bargo a gwiwa, tana kallon ruwan sama.

"Kawo in ɗaure maka, tsoho," in ji Aubin, shugaban ƙungiyarsu, wanda tare suka fara wannan aiki tun kansu yana baƙi.

"Na ce maka ina neman taimako ne?"

"Bakinka bai ce ba, hannunka ne yake ta ihu." Aubin ya kama ƙugiyar ya sa. "Ka ji dai, saboda ruwan nan yau a cocin ƙarƙashin ƙasa za a yi komai. Ni zan ja. Likita ya ce zuciyarka ba ta son gangare."

"Likita ya taɓa jan keke?"

"Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama! Jiya a gidanka cokalin miyar kabeji ya kusa kayar da kai."

Firmin ya kama doguwar sandar da ake jan keken da ita. Duk garin nan an san taurin kansa, amma wannan ba taurin kai kaɗai ba ne. Bara, da ɓarin jikin Léonie ya shanye, maganarta ta tafi, ya durƙusa a gefen gadonta na asibiti ya yi mata alkawari cewa muddin yana tsaye da ƙafafunsa ba wanda zai ja ta sai shi. Matar da a da ba ta barin kowa ya kai ƙarshen zance a shagonsu na kyandir, yanzu sai "i" da "a'a", su ma sai ta ga dama. Kewar muryarta tana cinsa, ba ya kuma gaya wa kowa. Alkawarin nan shi kaɗai ya rage masa da zai iya ba ta.

Suka shiga layi, Firmin a gaba, Aubin a baya yana riƙe da bayan keken kamar kullum. Suka bi gefen filin ciyawar da ya lulluɓe cocin. Baƙi kan tsaya a kan ciyawar nan suna tambaya ina babban cocin yake, alhali a kan rufinsa suke. Mu mutanen gari muna kiransa gareji, don kuwa kankare ne tsagwaronsa, amma a shekarar da kogin Gave ya cika shi da laka, mu ne muka fito da shebur muna kwasa muna hawaye.

A bakin gangaren nauyin keke yakan juya. Mai ja ya koma mai tarewa, keken yana turo shi ta baya, shi yana ƙin yarda. Firmin ya koya wa mutane ba iyaka yadda ake yi: ka kafa dunduniya, ka kalli ƙasa, kada ka waiwaya. Ya kafa dunduniya. Bai yi nisa ba ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, gwiwarsa ta hagu ta lanƙwashe, sandar ta zame a tafin hannunsa. Keken ya yi ɗan tsalle ya tsaya cik, don Aubin ya danne shi da dukan jikinsa.

"Ba komai," in ji Firmin yana haki. "Santsi ne."

"Santsin gidanku," in ji Aubin a hankali. "Matarka ce a ciki, ba girman kanka ba."

Layi ya tsaya a bayansu, 'yan Italiya suna leƙe. Sai Firmin ya ji an ja shi ta baya. Ya karya dokarsa, ya waiwaya. Léonie ce ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama jelar ɗamararsa. Ta sake ta, ta bubbuga gefen keken, nan kusa da ita.

"Léonie, na yi miki alkawari."

"A'a," ta ce, ta sake bubbuga wurin.

Kunya ta rufe shi, ga baƙin ciki. Ya miƙa wa Aubin sandar ba tare da ya dube shi ba, wata mata daga ƙungiyar ta kama baya, shi kuma ya koma gefe ya riƙe hannun matarsa. Suka ci gaba da sauka.

Cocin ya buɗe a gabansu, faɗinsa kamar kasuwa, haƙarƙarin kankare sun tashi daga ƙasa sun haɗu a sama kamar cikin jirgin ruwa da aka kifar. Hotunan tsarkaka na rataye a jere, bagadi yana tsakiya a kan tudunsa, ƙamshin turaren wuta ya gauraya da warin jiƙaƙƙun riguna. Dubban mutane sun riga sun ɗauki waƙar yabo. Firmin ya ɗaga kai yana kallo kamar baƙo, don duk shekarun nan ƙasa yake kallo idan ya shigo.

Can ya ji wata siririyar murya kusa da kunnensa. Ya sunkuya. Léonie ce take waƙa. Rabin bakinta ne yake motsi, amma kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya, cikakku, har da ɗan jan da takan yi a ƙarshen baiti, wanda a da yake mata tsiya a kansa.

"Aubin! Aubin, tsaya! Tana waƙa!"

Aubin ya waiwayo, bai ko rage tafiya ba. "Wannan ai tun bara take yi."

"Tun bara?"

"Duk saukowar da muka yi. Da an fara waƙa sai ta ɗauka. Likita ma ya ce masu irin ciwonta sukan yi haka. Ni na zaci a gida ma tana yi maka."

"A gida ba mai waƙa," in ji Firmin.

"To, a nan kuma ka ba ta baya."

Aka jera kekunan a sahun gaba. Da Fada, limamin cocin, ya zagayo da Gurasa Mai Tsarki cikin mazubin zinariya yana sa wa marasa lafiya albarka, Firmin bai koma bayan sahu inda masu ɗamara suke tsayawa ba. Ya durƙusa a gefen keken, gwiwarsa tana ƙara, hannun Léonie yana cikin nasa. Ba wanda ya ce masa ya tashi.

Da aka ɗauki waƙar fita, Aubin ya juya keken ya miƙo masa sandar.

"Ungo. Nan ƙasa a miƙe take, ka ja zuwa bakin hawa, kada a ce na ƙwace maka mata."

Firmin ya dubi sandar, ya dubi bakin Léonie da ya soma motsi.

"Kai ka ja," ya ce. "Amma a hankali, tsoho. Ba ta kai ƙarshen baitin ba."