Kwantena Goma Sha Huɗu

Naman ya fara ƙonewa a kan gawayi, amma kofin Pyo Deok-su a bushe yake. A teburin nan mutum ba ya zuba wa kansa giyar shinkafa, sai na kusa da shi ya zuba masa. Shekara talatin yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, kuma kullum ƙanana rige-rigen cika masa kofi suke yi. Yau kwalba ta zagaya sau uku tana tsallake shi.

Ya san laifinsa. Ƙungiyar ma'aikata ta ce kada kowa ya taɓa kwantenonin harsasai da za a kai wa sojojin da suka ƙwace mulki a wata ƙasa ta kudu. Tasha uku a ƙasashe uku sun riga sun kori jirgin da ke jigilar kayan. Shi kuwa manaja na kiran sunansa, sai ƙafafunsa suka hau tsanin injin da kansu, don bai taɓa iya cewa a'a ga na sama ba.

"Yaya, ashe hannunka bai tsufa ba," in ji Bong-gil, abokin aikinsa, yana juya nama. "Cikin awa biyu ka gama musu lodi tas!"

Babu wanda ya yi dariya. Kunya ta rufe Deok-su, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Sai Thiha ya taso daga ƙarshen tebur. Ɗan ƙasar da jirgin ya nufa ne, malamin makaranta a da, yanzu mai ɗaure kaya a tashar. Ya durƙusa, ya riƙe kwalba da hannu biyu kamar yadda ake yi wa babba, ya cika kofin. Da ma mari ya kai masa, da Deok-su ya fi samun sauƙi.

"Yaya, don Allah tambaya gare ni," in ji Thiha a hankali. "Kai ka ga kwantenonin nan kusa. Guda nawa ne? Ƙanwata ke son sani, ko su kwashe yara su bar gari."

Deok-su ya so ya ce bai ƙirga ba. Amma shi mutum ne mai ƙirga aikinsa.

"Goma sha huɗu."

Thiha ya sunkuyar da kai. "Na gode, Yaya."

Ya ciro waya ya fara rubutawa.