Ƙahon Keken Auta

Shekara arba'in Kawu ya yi yana gyaran keke a shago ɗaya, kuma bayan tsoron Allah ba abin da yake tinƙaho da shi kamar hannunsa. Ana gobe tsere, bayan La'asar, Auta, ɗan ƙanwarsa, ya turo sabon keken tsere da ƙungiyarsu ta ba shi, domin a ɗaura masa ƙaho, wato lanƙwasasshen hannun da mahayi ke riƙewa.

Kawu ya ɗaga keken da yatsa biyu. "Wannan keke ne ko takarda?"

"Da kabon aka yi shi, Kawu, ba ƙarfe ba. Giyarsa ko ƙara ba ta yi. Tsohon da ka haɗa mini kuwa, in na canja giya sai unguwa ta san na fito."

"Shi ya goya ka shekara shida, marar godiya. Na alminiyam in ya ji wuya lanƙwashewa yake yi, ya ba ka labari tun da wuri."

Auta ya yi dariya, ya miƙa masa wata sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya isa. "Don Allah da wannan za ka ɗaure. Kabon ba ya son ƙarfi."

Bayan fitarsa, Kawu ya ture ta gefe, ya ɗauki tasa ta kullum. Ya ɗaure noti huɗu, ya ƙara wa na ƙarshe rabin juyi kamar yadda ya saba yi wa kayan alminiyam. Nan ya ji wata 'yar ƙara, kamar an taka busasshen kara. Ya duba, bai ga komai ba, domin marikin da ke damƙe ƙahon ya rufe wurin. Ya ce wa ransa fenti ne. Da Auta ya dawo ɗaukar keken ya tambaya ko da sifanar aka ɗaure, sai Kawu ya ce, "Komai ya yi daidai." Bai yi ƙarya da lafazi ba, amma ya san Wanda ke duban zukata ba lafazi kaɗai yake dubawa ba.

A sallar Magariba ya rasa ko raka'a biyu ya yi ko uku. Abin da ke gabansa shi ne gangaren da ke tsakiyar hanyar tseren, inda mahayi ke ɗora duk nauyinsa a kan ƙaho. Ya tuna ƙanwarsa, wadda ba ta yarda ɗanta ya shiga tsere ba sai da aka ce mata yayanta ne ke duba keken.

Da gari ya waye Kawu ya je ya tarar da Auta a ƙofar gidansu, ya riga ya sa kayan tsere.

"Kada ka hau. Ban ɗaure da sifanarka ba. Na matse fiye da kima, kuma na ji ya yi ƙara."

Auta ya kwance marikin. Ga tsaga nan siririya, ta kusa kewaye ƙahon. Ya danna da hannu biyu, ta buɗe baki.

"Yaushe ka ji ƙarar, Kawu?"

"Jiya."

"Kafin in dawo?"

"Kafin ka dawo."

Auta ya miƙe. Ya shiga ciki, ya ciro ƙahon tsohon kekensa, mai nauyi, mai tabon faɗuwa, ya fara ɗaurawa da kansa. Kawu ya miƙa hannu zai taimaka.

"Bar shi, Kawu. Riƙe mini tayar kawai."

Kawu ya durƙusa ya riƙe tayar har aka gama. Auta ya saba neman addu'arsa kafin kowane tsere. Ranar ya hau ya tafi bai nema ba. Kawu ya tsaya a bakin titi ya yi masa, sannan ya nemi gafara ga kansa.