Agogon Likita a Hannun Jika

Kakar bara waccan, ana cikin ɗaurin hatsi, Malam Sahabi ya faɗi a gonarsa da ke ƙauyensu, gabas da garin Ollelewa. Ya sunkuya ne zai ɗaga dami, ƙirjinsa ya riƙe, ya ga ƙasa tana juyawa. A amalanke aka kai shi bakin kwalta, daga nan mota ta wuce da shi Damagaram, inda 'yarsa Radiya take aure. Lokotoro, wato likitan asibiti, ya ce zuciyar ce ta gaji, ga hawan jini da ya daɗe yana cin sa bai sani ba.

Rani guda ya yi a gidan surukinsa. Matarsa ta rasu da daɗewa, ba shi da kowa a kusa sai Radiya, ita kuwa malama ce a lakwal, makarantar boko, da safe take fita. Ba a rage shi da komai ba. An ba shi ɗakin baƙi, da panka, da abinci marar gishiri a kan lokaci. Mijin Radiya yakan durƙusa ya gaishe shi safe da yamma. Amma Sahabi bai taɓa sakewa ba. Dattijo a gidan suruki, ko tari zai yi sai ya danne. Yakan wuni yana kallon bango, ba wanda zai yi wa zancen shuka ko na rijiya. Da bazara ta kama, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, sai ya ce wa 'yarsa gida zai koma, ko da a ƙasa ne.

A lokacin akwai wata ƙungiyar lafiya da ke aiki da asibitin da ake duba shi, tana raba wa masu ciwon zuciya na ƙauyuka wani abu kamar agogo. Ana ɗaura shi a hannu, ya riƙa auna bugun zuciya da hawan jini, ya tura ta rezo, wato layin waya, zuwa wata na'ura a Damagaram. Na'urar ce take nazarin abin da ya iso, ta sa kore in lafiya lau, rawaya in da damuwa, ja in abu ya ɓaci. Likitoci suna gani, majo, babban ma'aikacin ɗakin shan magani na Ollelewa, yana gani, aka kuma sa wa Radiya a salularta. Aka ɗaura wa Sahabi guda, da wannan ne ta yarda ya tafi. A tasha ta riƙe ƙofar mota ta ce masa, "Baba, ban da noma. In na ga ja, da kaina zan zo in ɗauko ka." Ya ce ya ji.

Mutanen ƙauye suka sa wa abin suna agogon likita. Da farko har zuwa ake yi kallonsa, musamman in ya kai shi caji a solar gidan Maigari.

Ruwa ya sauka, Sahabi ya fita shuka. Kafin hantsi ya dubi ludayi salularsa ta fara kuka, Radiya ce, tana tambaya me yake yi agogo ya koma rawaya. Ya ce masallaci ya je da sauri. Kashegari ma haka. Rana ta uku majo ya zo a kan babur ya iske shi tsakiyar gona, ya yi masa faɗa cikin ladabi, ya kuma gaya wa Radiya. Da yamma ta kira tana kuka, ta ce saura kaɗan ta aiko mota.

Malam Jika aminin Sahabi ne, gidajensu katanga ɗaya ce ta raba. Tare suka yi kiwon awaki suna yara. 'Ya'yan Jika maza sun karɓe masa noma, shi yanzu sai zama a rumfar ƙofar gida yana tufkar igiya, yana alfahari da cewa ba a taɓa yi masa allura ba. 'Ya'yan sun ce za su haɗa da gonar Sahabi su nome, Sahabi ya ƙi. Ya ce gonar ubansa ce, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa cin hatsin da bai zuba wa gumi ba.

Wata safiya ya tsaya a rumfar, ya kwance agogon ya miƙa wa Jika. Ya ce ya ɗaura masa kawai zuwa azahar, in ya dawo daga gona ya karɓa. Jika ya ƙi, ya ce yaudarar yarinya ce. Sahabi ya zauna gefensa ya ba shi labarin ɗakin nan na Damagaram, da pankar da ke juyawa, da yadda yakan farka bai san ko wace rana ce ba. Ya ce in aka mayar da shi can, ba zai kai kaka ba. Jika ya daɗe yana murza kaba a cinyarsa, sannan ya miƙa hannu. Har dariya suka yi, don sai da aka matse maɗaurin kafin ya zauna a siririn hannunsa.

Ranar nan salular Radiya kore ta nuna tun safe har azahar. Sai dai da yamma, in Sahabi ya mayar da agogon hannunsa bayan ya sha rana, rawaya take dawowa. Don haka kafin a gama noman farko ya bar wa Jika shi gaba ɗaya, dare da rana. In za su masallaci Jika ya ja hannun riga ya rufe. Waɗanda suka lura ba su ga abin magana a ciki ba.

A Damagaram Radiya ta samu kwanciyar hankalin da ta daɗe ba ta samu ba. Kowace safiya kafin ta ɗora ruwan zafi sai ta duba, ta ga kore, ta yi hamdala. Ta gaya wa mijinta iskar gida ta karɓi Baba. Kiran da take yi kullum ya koma na Juma'a, wani lokaci Juma'ar ma ta wuce. Da aka yi hutun lakwal ta so zuwa, sai ƙaramin ɗanta ya kwanta da zazzaɓi, ta duba salula, ta ce a bari sai kaka. In sun yi magana Sahabi yakan gajarta, don kada ta ji yadda numfashinsa ke yankewa. Ita kuwa ta ɗauka matsalar rezo ce.

Na'urar ma ta ga abin da Radiya ta gani. Makonni sun wuce jinin mai agogon bai hau ba, wani lokaci har yana yin ƙasa, sai ta ba da shawarar a rage magani. Lokotoro ya duba ya yarda. Majo yana da ƙauyuka da yawa, damina kuma ta ɓata hanya, ga shi sunan Sahabi bai taɓa fita daga kore ba, sai ya aika da sabon maganin ta hannun Maigari ranar kasuwa. Sahabi ya buɗe ledar ya ga ƙaramar ƙwayar da ke sa shi yawan fitsari babu ita. Ya gane dalili sarai. Amma in ya tambaya, dole ya faɗi inda agogon yake, sai ya yi shiru.

Hatsi ya yi kai, ƙafafun Sahabi suka fara kumbura. Takalminsa ya daina shiga. Daga gida zuwa gona sai ya huta a hanya, daga baya ya koma hutawa a gindin kowace bishiya. Kwanciya ta gagare shi, sai ya jingina da bango. Jika yana ganin wannan duka. Ya kwance agogon ya kai masa har ɗaki, ya ce ya karɓi abinsa, shi ya gaji da ɗaukar alhaki. Sahabi ya ce saura ƙiris a yi girbi, da zarar an zuba a rumbu shi da kansa zai kira Radiya ya faɗa mata komai. Ya roƙe shi da girman zaman da suka yi. Jika ya mayar da agogon hannunsa ya fita bai yi sallama ba.

Ranar wata Talata da hantsi, Radiya tana gaban allo, salularta ta yi wata irin ƙara da ba ta taɓa ji ba. Ja ne. Kafin ta gama dubawa aka kira ta daga asibiti, aka ce bugun zuciyar mahaifinta ya rikice, an riga an tura motar asibiti daga Ollelewa, tana bin inda agogon ya nuna. Ta kira lambar Baba, ba a ɗauka ba. Ta bar yaran da alli a hannunta ta nufi tasha, ta shiga motar Tanout, mai bi ta wajen Ollelewa. Duk tsawon hanya ba ta ga komai ba, addu'a take yi tana sake kiran lambar.

Bayan azahar ta isa ɗakin shan maganin. Ta ambaci sunan mahaifinta, wata ma'aikaciya ta nuna mata ɗaki. Wanda ta gani a kan gado, da ƙarin ruwa a hannu ɗaya da agogo a ɗayan, Baba Jika ne. Ta ɗauka ɗakin aka ɓata mata, har ta juya, sai ta ji an kira sunanta daga ƙasa. Sahabi ne zaune jikin bango. Shi ya rako amininsa, don daga gona ya jiyo kukan motar. Fuskarsa ta kumbura, leɓɓansa sun yi duhu, ƙafafunsa ba takalmi, sun yi suntum har gwiwa.

Ta durƙusa ta danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun noman farko," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Majo yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce shi ma sai da suka isa rumfar ya ga wanda ke kwance. Ya ce Jika ya yi arziki, don da an ƙara jinkiri kaɗan da gawarsa za a tarar. Sannan ya dubi ƙafafun Sahabi ya ce wannan ne bai san abin da zai ce ba. A mota ɗaya aka wuce da su biyun Damagaram, Jika a kwance, Sahabi a zaune don ba ya iya kwanciya, Radiya a tsakaninsu.

Jika bai daɗe ba ya miƙe, aka sallame shi da magani. Sahabi kuwa, lokotoro ya kira Radiya gefe ya ce ruwa ya taru a huhu, zuciyar kuma ta yi aikin da ya fi ƙarfinta wata da watanni ba tare da isasshen magani ba. Za su yi iya ƙoƙarinsu. Yana maganar yana sunkuyar da kai, don shi ne ya rage maganin.

Kwanakin farko Radiya tana ba mahaifinta abinci, tana goge masa jiki, amma ba ta haɗa ido da shi. Fushi take yi, ba ta kuma san inda za ta ajiye shi ba. Wata la'asar, tana ɓare masa lemo, sai maganar ta kuɓuce mata. Ta ce kullum tana ganin koren nan tana jin daɗi, ashe lafiyar wani take wa hamdala. Ta ce da ta zo sau ɗaya tak, da ta ga ƙafafun nan da idonta.

Sahabi ya jira numfashinsa ya daidaita. "Ba laifinki ba ne, Radiya. Ni na rufe miki ido. Na ji tsoron zama ne fiye da yadda na ji tsoron ciwon. Ki yafe mini."

Ta ce ta yafe, ta kifa kai a gefen gadon. Ya ɗora hannu a kanta, abin da bai yi ba tun tana ƙarama.

Bayan haka ya ɗan samu sauƙi, har ya tambaya ko an yi girbi. Aka ce masa 'ya'yan Jika sun yanke, sun ɗaure, an zuba a rumbu, kuma bana an samu. Ya ce alhamdu lillahi. Ya so a mayar da shi gida, likita ya ce hanya za ta ƙarasa shi. Ranar wata Asabar, ana kiran sallar azahar, ya cika. A Damagaram aka rufe shi, cikin mutanen da bai san ko ɗaya ba.

Jika ya zo zaman makoki da babban ɗansa. Ya zauna a waje cikin maza, bai ci abinci ba, bai shiga ciki ba sai ranar da za a watse. Ya tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida, ya rame, hularsa a hannu. Radiya ta shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama.

"Na ga ƙafafunsa, 'yata," ya ce. "Kullum ina ganinsu. Da na kira ki da ban rasa komai ba sai fushinsa. Motar nan da ta zo, tasa ce, ni na shiga."

Radiya ta so ta ce masa ba komai, bakinta ya ƙi. Abin da ta iya faɗa shi ne Allah ya yafe musu baki ɗaya. Ya ce amin, ya share ido da bakin rigarsa, ɗansa ya kama hannunsa suka fita.

Yanzu Jika yakan zo Damagaram lokaci zuwa lokaci a duba zuciyarsa. In ya fito daga asibiti sai ya biyo ta unguwar su Radiya, ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama. Mijin Radiya ya fito su gaisa, a kawo masa ruwa. Wani lokaci Radiya takan fito ta durƙusa ta tambaye shi jiki, ta tambayi mutanen gida. Wani lokaci kuma takan ji muryarsa daga ɗaki, ta zauna a bakin gado har ya tafi.